Masu Hilux da a-kori-kura ku kula da masu sayar da tsohon batir a kwalin sabo

Salam 'yan uwa, musamman direbobi masu motocin gas, bari in ba ku labarin abun da ya same ni dan kar wani ya faɗa ramin da na faɗa, wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Motata Hilux ce mai shan baƙin mai, da ita nake kwaso gero da wake daga ƙauyuka in kawo Dawanau. Gab da hunturun da ya wuce batir ɗina ya gaji, ya haura shekara biyu dama, ban ga laifinsa ba. Wani yaron gareji yace min akwai mai shagon da yake bada sabo dal da sauƙi, na je, mutumin ga fara'a ga "sannu da zuwa Alhaji" (ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba), ya ɗauko min batir a kwali da leda tana ƙyalli, sitika ta ce 100Ah (wato yawan wutar da yake iya riƙewa), ya rage min dubu ashirin akan kuɗin da na ji a wasu shaguna, ya karɓi tsohona ya ƙara rage wani abu. Garanti wata shida amma da baki. Nace rasit fa, yace haba Alhaji ai mu nan da amana muke kasuwanci.

Sati biyar kacal. Da asuba a wani ƙauye bayan Ɗambatta, sanyi kamar ya tsaga mutum, na murɗa makulli na jira fitilar hita mai ɗumama injin ta ɗauke na buga, sai ƙat ƙat ƙat kawai nake ji, fitilun dashbod suna lumshewa, sai da samari shida suka tura ni da buhu goma sha biyu a baya, kunya kamar in nutse.

To ga inda damfarar take. Da na koma wajen mai shagon sai ya ɗora mita akan batirin ta nuna volt 12.5, yace ka gani da idonka batir lafiya lau, altanetarka ce bata caji ita take kashe shi, garanti bai shafi wannan ba, amma je wajen rewaya ɗin nan na kusa zai duba maka. Shi kuma rewayan ko tada motar bai yi ba, ya leƙa kawai yace altaneta ta ƙone sai an sa wata Beljiyam kuma zai riƙe tawa. Wato a cuce ka a batir, a sake cutarka a altaneta, a kuma ɗauke taka mai lafiya a sayar wa wani. Allah ya taimake ni kuɗin jikina basu kai ba.

Washegari na kai wa wani dattijon rewaya da mahaifina yake zuwa wajensa tun da. Yace ɗana kar ka canja komai sai mun auna, ya sa na bar motar ta kwana. Da safe mita ta nuna 12.1, yace batir mai lafiya da ya cika 12.6 yake zama, wancan 12.5 da aka nuna maka cajin sama-sama ne dan ka taho da motar a kunne, ko batir mai rauni ma zai iya nuna haka. Muka haɗa da wani batir muka tada ta, ya auna tana aiki 14.1, yace altaneta indai tana tsakanin 13.8 da 14.4 ba ruwanta, fanbel ma a ɗaure yake. Ya kashe mota ya cire kan batir na negetif ya sa mita a tsakani ko akwai abun da yake zuƙe wuta da dare, irin rediyo ko tiraka da aka haɗa ba daidai ba, ya samu miliyam 30, yace duk abun da bai wuce 50 ba ba matsala bane. Wayar at (wadda ta haɗa batir da jikin mota) da kan batir duk tsaf ba farin gari.

Sannan yace buga kik ina kallo. Ina bugawa mita ta faɗo 7 da ɗoriya. Yace shikenan ga ɓarawon, lokacin kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba, kuma motar gas ba kamar ta fetur bace, bata da fulogi, matsin iska ne yake kunna man shi yasa kik ɗinta yake jan wuta sosai, ga hita ma tana ja kafin nan, batir mai rauni zai iya lallaɓa ƙaramar mota wata da watanni amma Hilux a sanyi take tona masa asiri.

Ya buɗe murafen batirin, ruwan gida biyu cikin shidan ya yi duhu kamar ruwan kududdufi, dalmar ciki ce ta zube. Ya sa farce ya ɗaga sitikar, ga shatin wata tsohuwa a ƙasa, inda ake buga lambar watan da aka ƙera shi an goge da ƙarfe mai zafi, kan batirin an shafe shi da samfefa amma in ka duba da kyau ga sawun tsohon kilam. Muka ɗora a sikelin mai wake na kusa, da wani 100Ah na gaske, nawa ya gaza da kusan kilo biyar.

Dan Allah in zaka saya ka je da rewayanka ba nasu ba, a gwada a jikin motar lokacin kik ba a kan benci ba, ka duba lambar wata, ka ɗaga ka ji nauyi, garanti kuma a rubuce a rasit da lambar batirin. In aka ce maka altaneta ce kace a auna a gabanka mota tana kunne, minti biyu ne.

Ni dai da na koma wajen mai shagon yace bai ma san ni ba, sai da shugabannin layin suka shiga maganar aka bani rabin kuɗina. Ina fitowa ta bayan shagon na ga yaro a tsugune da bokitin omo da buroshi ga batura jere a rana, na uku daga hagu nawa ne na da, na gane shi da jan fentin da na ɗiga a hannunsa.