Davidson ko UNC Charlotte: amsa ga Hajiyar da ta tambaya kan ɗanta

Hajiya, tambayarki ita ce: yaro ya samu gurbi a makarantu biyu a jihar North Carolina ta Amurka, Kwalejin Davidson da Jami'ar UNC Charlotte, kuma abin da ya tsaya miki a rai shi ne an ce ta farkon ta coci ce. Allah ya sanya alheri, domin shiga Davidson ba ƙaramin abu ba ne, masu nema suna da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan.

Batun cocin gaskiya ne. 'Yan ɗarikar Presbyterian ne suka kafa ta a 1837, har yau tana da alaƙa da ɗarikar, kuma akwai cocinsu a bakin harabar makarantar. Amma ba makarantar horar da limaman coci ba ce, ba a tilasta wa ɗalibi zuwa ibada, ba a kuma sa addini cikin sharuɗɗan ɗauka. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ana ma koyar da Larabci. Ni a ganina ba nan ya kamata damuwarki ta tsaya ba. Abin da zan fi dubawa ga yaro Musulmi shi ne ƙanƙantar garin. Davidson ɗan gari ne mai shiru kusa da tafkin Norman, kimanin mil 20 arewa da birnin Charlotte, kuma manyan masallatai da shagunan naman halal suna cikin birnin ne. Wanda ke UNC Charlotte yana cikin birnin, kuma tun 2018 jirgin ƙasa na cikin gari yana shiga har harabar jami'ar. Na Davidson kuwa galibi sai ya nemi mai mota. A watan azumi wannan bambancin zai ji shi a jikinsa. Ku rubuta wa ofishin kula da harkokin addini na kwalejin ku tambayi yadda ake yi da Juma'a, sahur da buɗa-baki, za su amsa.

Yanzu karatun kansa, wanda a nan ne hanyoyin suka rabu sosai. Davidson ɗalibanta wajen 2,000 ne, digirin farko kawai take bayarwa, cikakken digiri na shekara huɗu, kada a ɗauka difloma ce. UNC Charlotte ta gwamnatin jiha ce, an fara ta a 1946, ɗalibanta sun kai wajen 30,000, har da masu digiri na biyu da na uku. A Davidson yaro ba ya zaɓar fanni ranar da ya shiga. Zai taɓa lissafi, tarihi, kimiyya, rubutu da wani harshe, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya ce ga inda ya dosa. Ajin ƙarami ne, farfesa ne da kansa yake koyarwa, yana karanta takardar yaro, ya san sunansa, ya san ranar da bai zo ba. Yaron da ya saba zama a bayan aji ya yi shiru ba shi da wurin ɓuya. A Charlotte darussan shekarar farko irin su ilimin sinadarai kan tara ɗalibai fiye da ɗari a zaure ɗaya, kuma wanda bai tashi ya bi malami ofis ba zai iya gama zangon ba wanda ya san da shi. Wasu yaran wannan 'yancin yana yi musu daɗi, wasu kuma shi ke kayar da su. Ke kika san naki.

Akwai abu ɗaya a Davidson da nake so iyaye su sani, domin yana burge ni ƙwarai. Sabon ɗalibi yana sa hannu a kan alkawarin ba zai yi satar amsa ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai ɗauki abin wani ba. A kan wannan amanar ake gudanar da jarrabawar ƙarshen zango: a yawancin darussa ɗalibi ne zai zaɓi ranar da zai rubuta cikin kwanakin da aka ware, ya je ya karɓi ambulan ɗin tambayoyinsa, ya shiga aji ya zauna babu mai gadi a kansa, ya gama ya mayar. Wanda ya ci amana, ɗalibai 'yan'uwansa ne za su zauna a kan maganarsa. Shekara huɗu cikin irin wannan tarbiyya ba abin rainawa ba ce.

Sai dai idan injiniya yake so ya zama, maganar ta sauya. Davidson ba ta da tsangayar injiniya. Abin da take da shi yarjejeniya ce da wasu jami'o'i, yaro ya yi shekara uku a nan ya ƙarasa biyu a can, wato ƙarin shekara da ƙarin kuɗi. UNC Charlotte tana da cikakkiyar tsangayar injiniya da ta kwamfuta, kuma birnin cike yake da kamfanoni, a nan hedkwatar Bank of America take, samun wurin koyon aiki ya fi sauƙi. Idan kuma likitanci ko lauya yake hari, a Amurka sai an gama digirin farko ake shiga waɗannan, kuma wasiƙar shaida daga malamin da ya san yaro ciki da waje tana da nauyi. Nan Davidson ta fi.

Yaronki wataƙila ya riga ya gaya miki shahararren ɗan wasa Stephen Curry a Davidson ya buga ƙwallon kwando. Haka ne, shi ya kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar jami'o'i ta 2008. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne baƙar fata na farko da aka ɗauka a makarantar, a 1962, daga Kwango ya fito.

Kuɗi. A takarda Davidson ta haura dala 70,000 a shekara idan aka haɗa da ɗaki da abinci, Charlotte kuma ga ɗan ƙasar waje wajen rabin haka. Amma kada ki yanke hukunci da wannan. Davidson tana da dukiyar gidauniya, kuma tun 2007 ta cire bashi daga tallafin da take haɗa wa ɗalibai. Ɗan ƙasar waje ba kowa ke samu ba, amma wanda ya samu yakan samu mai kauri. Jami'ar gwamnati kuwa 'yan jiharta take fara dubawa, baƙo ba kasafai yake samun abin kirki ba. Saboda haka ki ajiye wasiƙun biyu gefe da gefe, ki cire tallafi daga jimilla, ki duba ko tallafin na shekara huɗu ne ko na shekarar farko kaɗai, sannan ki ƙara inshorar lafiya da kuɗin jirgi. Abin da ya rage shi za a nemi ku nuna a banki kafin a ba shi takardar I-20 ta neman biza, kuma da dala za ku biya shi duk shekara ko naira ta tashi ko ta faɗi. Idan ragowar ta Davidson ta yi daidai da ta Charlotte ko ta gaza ta, kuma yaron bai kafe a kan injiniya ba, ni Davidson zan tura shi.