Likitan waya ko manhajar da ake biya duk wata?

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ƙanin naki lafiya. Kin tambaya wanne ya fi wa ƙanin naki da ke fama da shan ƙwaya: manhajar waya da ake biya duk wata ko likitan da ake gani ta bidiyo. Duka biyun mun gwada su a nan Bronx, a birnin New York, a kan ɗan yayata.

Likitar waya ce ta riƙe mana yaron. Zuwa asibiti kuwa ya ƙi ƙememe, wai ya gaji da irin kallon da ake yi wa baƙar fata da zarar ya ambaci ƙwaya. Ranar farko a kicin ɗina ya zauna, ya jingina wayar da flas ɗin shayi, jiki na karkarwa, hanci na zuba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya daure sai ciwon rashin ƙwayar ya kama shi sosai kafin ya sa Suboxone, maganin jarabar ƙwayoyin opioid irin su heroin da fentanil, a ƙarƙashin harshe, don in ya yi gaggawa abin tsananta zai yi. Ta tura takarda kantin maganin unguwarmu, Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ya biya. Daren nan ya ci tuwo, ya yi barci har asuba, ni kuwa ina ta leƙa shi.

Manhajar dai tana ƙirga kwanaki, tana turo kalaman ƙarfafa gwiwa. Wata uku na biya, sau huɗu ya buɗe ta.

Tunda kin ce ƙanin naki yana haɗawa da hodar iblis, Suboxone ba ta aiki a wannan ɓangaren, kuma hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ba ta amince da wani maganinta ba tukuna. Abin da ya fi aiki shi ne tsarin ba mutum 'yar kyauta duk sanda gwajin fitsarinsa ya fito tsaf, ki tambayi likitan ko suna da shi. Ki kuma ajiye Narcan a gida, feshin hanci ne da ke farfaɗo da wanda ƙwayar opioid ta yi wa yawa, tun 2023 ake sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Yanzu hodar ma ana cakuɗa mata fentanil, wata ƙwayar opioid mai tsananin ƙarfi.

Ki yi hattara da masu tallar warkewa cikin kwana bakwai. Duk wanda ya fara tambayar lambar inshora kafin ya tambayi jikin mara lafiya, ki kashe waya. Layin SAMHSA, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, 1-800-662-4357, kyauta ne dare da rana, za su nuna miki masu lasisi a jiharku.

Ki ɗauki likitan waya. Ranar ganawar farko ki zauna kusa da shi, in ya yarda.