Wata takwas ina amfani da ƙaramar na'urar duba lafiyar mota

Ran da fitilar gargaɗin inji ta kunnu a dashbod ɗina, motar tana tafiya lafiya lau, sai ɗan rawa da take yi in na tsaya a sulo. Na gaji da zuwa gareji a jona kwamfuta na minti biyu a goge fitilar, bayan kwana uku ta dawo. Shi ya sa na yanke shawarar sayen tawa na'urar.

Wadda na saya irin ƙananan nan ce masu girman akwatin ashana, da ake kira OBD2. Ana cusa ta a wani soket mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja ta riƙa nuna abin da ƙwaƙwalwar motar ke faɗa. Dokar Amurka ta wajabta wannan soket tun motocin 1996. Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, masu dizal kuma a 2004. Don haka kafin ka sayi komai, duba shekarar motarka da ƙasar da aka ƙera ta dominta, sannan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila.

Ta farko da na ɗauko ba ta yi min rana ba. Sai ta haɗu, ta yanke, ta sake haɗuwa. Daga baya na gane cewa yawancin masu arha kwaikwayon wani guntun lantarki (chip) ne mai suna ELM327, kuma waɗanda aka rubuta wa lamba 1.5 duk kwafi ne, don kamfanin asali bai taɓa fitar da wannan lambar ba. Cikin kwafin akwai masu aiki sosai, akwai kuma tarkace. Na mayar da ita na ƙara kuɗi kaɗan na sayi wadda mai sayarwa ya lissafa motocin da aka gwada ta a kansu. Mai iPhone ya lura: tsohon salon Bluetooth na irin waɗannan na'urori ba ya haɗuwa da wayarsa, sai mai WiFi ko sabon salon da ake kira BLE.

Lambar matsalar da ta fito min ita ce P0171. Harafin P na nufin ɓangaren inji da giya, B jikin mota, C ƙafa da birki, U kuma layin sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Ma'anar tawa: iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Nan take wani abokina ya ce in sayi sabuwar sensar salansa. Da na bi maganarsa da na yi asarar kuɗina, kuma a nan ne na ga amfanin na'urar na gaskiya.

Ban da karanta lamba, tana nuna bayanai kai tsaye yayin da inji ke aiki. Na zauna a kujerar direba da sassafe, inji ya yi zafi har ruwa ya kai digiri 90, na buɗe shafin da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa don cike giɓi. A sulo yana kan ƙarin kashi 18 cikin ɗari. Na taka totur a hankali har allurar juyin inji ta kai 2,500, sai na ga lambar tana sauka, 12, 7, har ta tsaya wajen 3. Wannan alama ce ta ɓarauniyar iska: a sulo inji na shan iska kaɗan, don haka ɗan abin da ke satar hanya ya shiga yana da tasiri, in an taka kuwa sai ya ɓace cikin yawa. Da famfon mai ne ya gaza, da lambar hawa za ta yi in an taka. Na buɗe bonet na kasa kunne, na ji wani siririn shiii daga bayan inji. Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa har na taɓa wani da ya bushe, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Na canza shi, na goge lambar, fitilar ba ta dawo ba har yau.

Saboda haka shawarata ga mai zaɓe ita ce kada ya sayi wadda karanta lamba da gogewa kaɗai ta iya. Lamba tana nuna maka unguwar da matsala take ne, gidan kuwa sai ka nema da kanka, kuma bayanan kai tsaye su ne fitilar neman. Ka tabbatar tana adana yanayin da inji yake a daidai lokacin da matsalar ta faru, wato gudu, zafi da nauyin aiki.

Tana da gazawa, ba zan ɓoye ba. Inji kawai take gani. Fitilar jakar iska ko ta birkin ABS ta fi ƙarfinta, sai babbar na'ura irin ta bakanike. Sannan ƙofa ta 16 a soket ɗin tana da wuta ko da mota a kashe take. Na taɓa barin ta a jone na yi tafiyar sati biyu, na dawo batir ya yi sanyi. Yanzu da na gama nake zare ta in jefa a aljihun dashbod.

Abu ɗaya ke damuna da yadda wasu ke amfani da ita: goge fitila don a ruɗi mai saye. Na raka ƙanena duba wata mota kwanan baya, dashbod fes, babu lamba ko ɗaya. Amma shafin gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta ya nuna guda huɗu ba su kammala ba, abin da ke faruwa in an goge lambobi ko an cire batir ba da jimawa ba. Muka nemi a bar mu mu yi doguwar tafiya da ita kafin a yi ciniki, mai motar ya ƙi, muka kama hanyarmu.