Ɓoye sunan Wi-Fi da tantance MAC, ko WPA3 da doguwar kalmar sirri?

Ɗan'uwa, ka ce intanet ɗin gidanka yana nauyi, kana zargin akwai masu hawa Wi-Fi ɗinka ba da izininka ba, kuma an ba ka shawara iri biyu. Wani ya ce ka ɓoye sunan Wi-Fi ɗin, ka sa rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi ɗin, ta riƙa tantance wayoyi da lambar MAC, lambar shaidar kowace na'ura. Wani kuma ya ce ka koma WPA3, tsarin kulle Wi-Fi na baya-bayan nan, da doguwar kalmar sirri. Ni ina tare da na biyun, amma bari in jera maka su ka ga dalili.

Ɓoye suna ba ya ɓoye Wi-Fi. Rauta tana watsa sanarwar kasancewarta kusan sau 10 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka ɓoye suna, sanarwar ba ta tsayawa, gurbin sunan kawai ake bari fanko. Da zarar wata wayarka ta zo haɗuwa, sunan zai fita a fili a cikin saƙon da ta aika, kuma manhajojin kyauta suna nuna shi ga duk wanda ke sauraro a kusa. Kamar mutum ne ya goge lambar gidansa ya bar ƙofa a buɗe. Akwai ma wata illa da ba a cika faɗa ba: tunda rauta ta daina ambatar sunanta, wayarka ce za ta riƙa kiran sunan tana cigiya a duk inda ka je.

Tantance MAC ya fi wannan kama da tsaro, shi ya sa yake ruɗar mutane. Kowace na'ura tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 12, sai ka rubuta wa rauta waɗanda ka yarda da su. Matsalar ita ce wannan lamba tana tafiya a iska ba a lulluɓe ba, ko da kuwa kana kan WPA3. Wanda ya san abin da yake yi zai kwafi lambar MAC ta wayarka ya ɗora wa kwamfutarsa, rauta ta karɓe shi a matsayin ɗan gida. Kai kuma wahala ta ƙaru maka, domin tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar lambar wucin gadi ga kowane Wi-Fi. Wata rana idan lambar ta canza, sai ka ga wayarka ta kasa shiga Wi-Fi ɗinka.

Ɗaya ɓangaren, wato shawara ta biyu, shi ne makulli na gaske, domin yana lulluɓe bayanan da ke tsakanin waya da rauta. Tsohon tsarin kulle mai suna WEP na 1997 an fasa shi tun 2001, idan ka gan shi a saiti kada ka kusance shi. WPA2, wanda WPA3 ya gada, ya zo a 2004 da tsarin lulluɓe bayanai na AES, kuma har yau yana da ƙarfi, sai dai yana da wata kafa. Idan wani ya naɗi 'yan saƙonnin da waya da rauta suke musaya lokacin haɗuwa, zai iya tafiya da su gida ya sa kwamfuta ta yi ta cankar kalmar sirri, miliyoyin gwaji, rautarka ba ta ma sani ba. Idan kalmar sirrin ita ce lambar wayarka ko sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, ba za ta daɗe ba. WPA2 yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, to me zai sa ka tsaya a 8? Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna.

Wannan kafar ce WPA3 ya toshe lokacin da ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar da shi a 2018. Da tsarinsa na tabbatar da kalmar sirri mai suna SAE, naɗar saƙonnin haɗuwa ba ta da amfani, dole kowane gwaji ɗaya a zo a yi shi kai tsaye da rauta. Kuma ko an gano kalmar sirrin daga baya, ba za a iya buɗe bayanan da aka naɗa a baya ba. Shi ma an samu kurakurai a cikinsa a 2019, waɗanda Mathy Vanhoef da abokin bincikensa suka bayyana, aka gyara ta hanyar sabunta manhajar rauta. Don haka duba ko akwai sabuntawa kafin komai.

Inda WPA3 yake ba da ciwon kai shi ne tsofaffin kaya. Tsohuwar firinta, talabijin ko kyamara na iya ƙin haɗuwa. Yawancin rautoci masu WPA3 suna da zaɓin WPA2/WPA3 a haɗe, yana aiki, amma tunda kalmar sirrin ɗaya ce, raunin WPA2 yana nan. Ni na fi son a bar babban Wi-Fi a kan WPA3 zalla, a buɗe Wi-Fi na baƙi a kan WPA2 da wata kalmar daban, a tura tsofaffin kayan da ba sa buƙatar magana da wayarka can.

Sai dai fa ka lura da wani abu. Sau da yawa ba fasa Wi-Fi ake yi ba, kalmar sirrin ce ta yi yawo. Ka ba mutum ɗaya, shi kuma wayarsa tana iya nuna ta a hoton QR ya miƙa wa wani. A nan ko WPA3 ba zai cece ka ba, sai canza kalmar. Wannan ne amfanin Wi-Fi na baƙi: kana canza tasa duk lokacin da ka so, ba tare da ka taɓa na'urorin gida ba.

Idan ka shiga saitin rautar, galibi ta rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a manhajar buɗe shafukan intanet, kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da wata lamba ko danna maɓalli ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Tun Disamba 2011 aka nuna cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ana duba ta ne rabi-rabi, abin da ya mai da ita gwaji 11,000 kacal, kuma wanda ya dace da ita rauta za ta miƙa masa kalmar sirrinka komai tsawonta. Canza kuma kalmar shiga saitin rautar kanta, wadda ta zo da ita daga kamfani, domin daban take da ta Wi-Fi. Bayan ka canza kalmar Wi-Fi, kowa zai fita, sai ka mayar da na'urorinka ɗaya bayan ɗaya, sannan ka buɗe jerin waɗanda ke haɗe ka tabbatar ka san kowace.