Jinyar ciwon muƙamuƙi da jel da na'ura: abin da na gani bayan zama 8

Ni dai matsalata ta fara ne da hamma. Da asuba na yi hamma kawai sai na ji ƙas a gaban kunnena na dama, tun daga ranar ko tuwo zan tauna sai na karkata baki gefe ɗaya. Na sha zaton ciwon kunne ne, har maganin ɗigawa na saya a kemis nan Agege a Legas, ashe ba kunnen ba ne, mahaɗar muƙamuƙi ce wadda likitoci ke cewa TMJ. Likitan haƙori ya ce in jera yatsu uku a tsaye in sa a baki, lafiyayyen baki yana buɗewa kusan milimita 40, ni biyu ma da ƙyar.

Da yake ina da olsa ya ce kar in kuskura in dinga haɗiyar diklofenak, wato ƙwayar rage ciwo da kumburi, sai ya tura ni wajen fisiyo, masu gashin ƙashi na asibiti, a yi min abin da suke kira fonoforesis. Yadda abin yake, jel mai maganin kumburi ake shafawa a gaban kunne, irin diklofenak ɗin ne dai amma na shafawa, sannan a ɗora kan wata 'yar na'ura mai fitar da sautin da kunne ba ya ji, ana zagayawa da ita a hankali don maganin ya fi ratsa fata ya isa wurin. Dangin na'urar sikanin ɗin masu ciki ce amma wannan ba ta nuna hoto. Matar da ke yi min Bayarabiya ce, kullum sai ta ce Alhaji saki bakinka kar ka cije, kuma ba ta tsayar da hannu ko kaɗan, ta ce in kan na'urar ya tsaya wuri ɗaya ƙashi zai ɗau zafi. Minti 7 zuwa 8 an gama. Ba zafi wallahi, sanyin jel da farko sai ɗan ɗumi, shi ke nan.

Zama na ɗaya da na biyu ban ji komai ba, har na fara tunanin kuɗina kawai ake ci, ga shi sai na bar rumfa a Mile 12 na shiga danfo zuwa Ikeja cikin goslo, awa biyu a hanya saboda aikin da bai kai minti 10 ba, rannan ma na je aka ɗauke wuta muka zauna jiran janareta. A na huɗu ne na lura na tashi da safe ba wannan ɗaurewar, kuma ciwon kan da ke riƙe min gefen goshi ya ragu sosai. Zuwa na takwas yatsu uku suna shiga, cikina kuma bai taɓa damuna ba, wannan kam na yaba.

Amma fa kar in yi muku ƙarya, ƙarar ƙas ɗin tana nan. Ciwo ne ya tafi. Kuma ban isa in rantse na'urar ce kaɗai ta yi aikin ba, don a lokaci guda aka hana ni goro da kilishi da rake da cingam, aka koya min gasa wurin da tawul mai ɗumi, aka kuma yi min robar haƙori ta barci bayan uwargida ta tona min asiri gaban likita wai ina gurzar haƙora cikin dare kamar akuya. Barin goron ya fi min komai wuya.

Wanda ƙwayoyin ciwo ke tayar masa da olsa ya tambayi likitansa wannan hanyar, sai dai ya fara zuwa a duba shi tukuna, don ciwon haƙorin ƙarshe ma yakan yi kama da wannan, kuma in jikinka ba ya son diklofenak ko fatar wurin tana da rauni ka faɗa musu kafin su shafa. Ranar Juma'a na saci ɓarin goro ɗaya bayan masallaci, da daddare muƙamuƙin ya tuna min.