Wata huɗu da dogayen sifikokin Polk T50 a falona na Jidda

Ba son kiɗa ne ya tura ni neman sifika ba, harafin sin ne. Tsohuwar na'urar da ke falona irin mai ƙananan sifikoki biyar ce da akwatin bugu ɗaya, an zana wat 3000 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. In an sa fim har gilasan taga rawa suke. Amma da na kunna tilawa bayan asuba, sai sin da sad su haɗe su zama abu ɗaya, wani "tsss" kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Surukina, wanda ya daɗe yana karantar da yara a Makka, ya zo mana kwana biyu. Ya saurara jim kaɗan ya ce, "Malam, wannan abin naka yana cinye wa mai karatu haruffa." Na ce, "Baba, ai wat dubu uku ce." Ya ce, "To, ka ce su dawo da haruffan."

Daga baya na gane cewa irin wannan lamba ta jikin kwali ta talla ce kawai, ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido. Wadda ake dubawa ita ce mai alamar RMS, ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, kuma wat 40 ko 50 na gaskiya a kowane gefe sun ishi falon gidan haya.

Riyal 1500 na ware, sifika da amfilifaya (na'urar da ke ba sifika ƙarfi) duka, don dogayen sifikokin nan na ƙasa ba sa aiki su kaɗai. A manyan kantuna abin da ya fi yawa shi ne sandar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, sai manyan akwatunan biki masu walƙiya. A intanet kuwa na kusa yin ɓaranɓarama: na ga farashi mai daɗi, har na kai ga biya, sai na lura kuɗin ƙwaya ɗaya ne ba biyu ba. Sai na koma ga na hannu, na yi ta leƙa manhajar Haraj dare da rana, ranar Juma'a da yamma kuma in zaga kasuwar Sawarikh a kudancin gari.

Uku na sa a raina: Sony SS-CS3, Yamaha NS-F51 da Polk T50. Sony na taɓa ji a gidan wani aboki, kuma ta burge ni, sai dai ban samu ta hannu ba. Polk ce ta fara fitowa, wajen wani bawan Allah da zai tashi daga gari. Muka daidaita a riyal 900.

Kafin in miƙa kuɗi sai da na cire murfin gaba. T50 tana da ƙaramin bututu na inci 1 a sama mai fitar da siririn sauti, sai faifai uku masu inci 6.5. A cikin ukun, na sama kaɗai ke da waya da maganaɗisu. Biyun ƙasa iskar cikin akwatin ce ke tura su, su ƙara kaurin sauti. Na ɗora yatsu a hankali na danna na saman, na ga biyun ƙasa sun turo waje, alamar akwatin ba ya yoyon iska. Na kasa kunne ko zan ji gurzawa, babu. Na shafa robar da ke kewaye da kowane faifai, don duk wanda ya zauna a Jidda ya san abin da zafi da laimar teku ke yi wa kayan da aka jibge a saman bene. Mai kayan yana tsaye yana kallona kamar mai duba haƙoran rago.

Amfilifaya ma ta hannu na saya, riyal 450. A nan abu biyu na duba. Sifikar om 6 ce, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, don haka na tabbatar an rubuta a bayan amfilifayar tana ɗaukar 6. Sannan wuta: akwai kayan da mutane ke shigowa da su daga Amurka masu aiki da bolt 120, mu kuwa a nan 220 zuwa 230 ne, ban da tsofaffin gidajen da har yanzu ake samun soket mai 127. Kuskure ɗaya, sai hayaƙi.

Daren farko raina ya ɓaci. Muryar mai karatu tana yawo, ba a dama ba, ba a hagu ba, kaurin sautin kuma ya ɓace. Maman yara ta leƙo ta ce, "Wannan ne abin da aka hana mu sabon labule saboda shi?" Ashe laifina ne: a gefe ɗaya na sa jar waya a baƙin gurbi, sai faifan nan yana turawa wancan yana ja, suna kashe wa juna sauti. Na gyara, muryar ta dawo tsakiya daram.

Sauran aikin na ɗakin ne, kuma nan ne mai saye ya fi yin sakaci. Falonmu tayil ne da bangon siminti, ko tafi ka yi sai ya dawo maka. Na shimfiɗa kafet mai kauri tsakanina da sifikokin, na jera matasan majalisa a jikin bango, labulen ma dole aka saya. Na janye sifikokin daga bango kamar kamu biyu, na raba su daga kusurwa, don a kusurwa bugun yana kumbura ya danne murya. Tsakaninsu mita biyu, ni ma daga kowacce kusan mita biyu, na ɗan karkato fuskokinsu zuwa inda nake zama. Wannan jan da turawa da bai ci ko sisi ba ya fi duk abin da na kashe kuɗi a kai canza sautin.

Yadda nake auna su kuwa, da abin da kunnena ya sani tun ina yaro. Na fara da tilawa. Yanzu sin tana fita siririya, sad da kaurinta, ana jin ƙalƙala tana dawowa, har jan numfashin mai karatu kafin aya mai tsawo. Muryar tana da ƙirji, ba ta hanci ba ce kamar da. Sai kalangu. A tsohuwar na'ura "dum-dum" kawai yake, amma kalangu magana yake yi, makaɗi yana matsa tsirkiya sautin ya hau, ya saki ya sauka. A T50 ana bin wannan hawa da sauka sarai, ana kuma jin saukar makaɗi a kan fata daban da amon da ke biyo baya. Goge da algaita su ne masu tona asirin ƙaramin bututun sama: in mai tsini ne, minti goma kunne ya gaji. Na yi awa biyu ban ji ina son ragewa ba.

Shawara ɗaya ga mai zuwa gwaji: kada a yarda a ƙure ƙara. Duk wadda aka fi buɗe wa murya ita kunne zai ce ta fi, ko da ba ta fi ba. A daidaita su, a kuma saurara ƙasa-ƙasa, yadda za a ji su a gida bayan isha'i maƙwabta na barci. A takarda T50 tana ba da desibel 90, wato ma'aunin ƙarar da take fitarwa, kuma bambancin desibel 3 tsakanin sifika biyu daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya, shi ya sa ƙaramar tawa ba ta wahala da ita.

Mai son fim ɗin da kujera ke girgiza sai ya ƙara akwatin bugu daban. Kamfanin ya rubuta T50 tana sauka zuwa haz 38 a ma'aunin kaurin sauti, ƙasa da haka ba aikinta ba ne. Tsofaffin kaset da aka mayar waya kuma ba ta rufa musu asiri, duk shuu ɗin da ke ciki za ka ji shi. Ga esi na taga, wanda rurinsa ke haɗiye ƙananan sautuka, a watan Yuli kuwa ba mai kashe shi don sifika. Murfin gaba ma na mayar, tun ranar da na kama autanmu ya miƙa yatsa zai lotsa bututun sama.

Baba ya sake zuwa makon jiya. Na kunna masa karatun nan dai na wancan karon, ban ce komai ba. Ya saurara har aka kai ƙarshen sura, sannan ya tambaye ni ko ana samun ƙanana irinsu da za su shiga ɗakin da yake karantar da yara. Tun ranar nake leƙa Haraj, riyal 500 ya ce in tsaya a kai.