Agashen Baba a Kassala: nama ya yi, amma sai mai haƙurin jira da sauraron gardama

Tun da yaƙi ya taso mu daga Khartoum a 2023 muka sauka Kassala nake neman mai agashe, wato tsirenmu na Sudan, da zai mantar da ni na unguwarmu ta Mayo, ban samu ba sai wannan karon. Wani tsoho ne Bahaushe ɗan Gadarif, kowa Baba yake ce masa, ba allo ba suna, rumfa ce kawai ta buhu da bambar, wato ƙananan kujeru, guda shida ko bakwai a bayan kasuwa, in ka zauna ka ɗaga kai kana hango duwatsun Taka. In ka hau raksha, keke mai ƙafa uku, ka ce a kai ka wajen masu agashe sai ka bi hancinka.

Naman dai gaskiya ba magana. Yana fere shi siriri kamar zai yi kilishi, ya shafa mai, ya birkita shi cikin garin ƙuli da citta da barkono, sannan ya kafa tsinkayen a zagaye da garwashi cikin yashi, ba ya ɗora su kan wuta, zafin ne ke bugunsu daga gefe a hankali. Shi ya sa ba ya ƙonewa kuma ba ya bushewa. Na kaza ma akwai amma ni na shanu ya fi min. Yana haɗo maka da albasa da lemun tsami da burodi, shattarsa kuma, wato yajin da ake dangwalawa, ta dakwa ce, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wallahi in ba ka saba ba ka ce a sa maka a gefe, ni ranar farko sai da hawaye ya zubo min ina ta wayancewa da hayaƙi.

Matsalarsa jira. Baba ba ya gasa nama ya ajiye, sai ka zo ka faɗa sannan ya kafa, kuma yaro ɗaya ne ke taya shi, shi ne yankan albasa shi ne kai faranti shi ne neman canji. Mun yi kusan awa guda ranar Alhamis ɗin nan kafin a kawo mana, kuma a cikin wannan awar ne aka yi abin da ya sa na zauna rubuta wannan, don ba nama kaɗai na ci a wurin ba.

Mu uku muka je. Ni, da wani abokina ɗan Jibal Nuba da muka tashi tare a Mayo, yana jin Hausa kamar a bakinsa aka yanka ta, Katolika ne, da yana koyarwa a makarantar Komboni ta Katolika shi ya sa muke ce masa Ustaz, wato malami. Na ukun baƙo ne daga Najeriya, ɗan wajen Jos, ya zo aiki da masu ba da agaji, ɗan ikilisiyar ECWA. Yana ta ba mu dariya wai cocinsu daga wata mishan ta fito mai suna Sudan Interior Mission da aka kafa a 1893, ya girma yana jin Sudan Sudan ashe ba wannan ake nufi ba, ƙasar baƙar fata ake nufi gaba ɗaya, sai yanzu Allah ya kawo shi ta gasken.

Abin ya faro ne da kiran sallar isha'i, na tashi na yi na dawo na tarar sun kacame. Wai ɗan Jos ne ya ce yana tausayina, mutumin kirki kamar ni a ce ba ni da ceto. Ustaz ya ce masa ɗan'uwa wa ya ba ka makullin? To shi ke nan fa.

Shi ɗan Jos maganarsa a miƙe take ba kwana. Ya ce ceto kyauta ce ta alheri ba aikin mutum ba, kuma kyauta in an miƙo maka ba ka karɓa ba ka ƙi ke nan, babu wani tsakiya. Ya buɗe wayarsa ya karanto Yohanna 3:18 inda aka ce wanda bai ba da gaskiya ba an riga an yanke masa hukunci, ya ƙara da Ayyukan Manzanni 4:12 cewa babu wani suna da aka bayar na samun ceto, ya ce ko wanda bai taɓa jin bishara ba Bulus ya rufe masa ƙofar uzuri a Romawa 1:20 tunda halitta kanta tana nuna Mahalicci, ya nuna duwatsun da hannu ya ce ga su nan wa zai kalle su ya ce bai san da Allah ba. Don haka a wurinsa rashin bangaskiya da ƙin Allah duk kanwar ja ce.

Ustaz bai musa ayoyin ba, nan ne ya burge ni. Cewa ya yi ka matsa gaba kaɗan a wasiƙar nan ta Romawa, sura 2 aya 14 da 15, Bulus ɗin dai ya yi maganar al'ummai da ba su da shari'a amma tana rubuce a zukatansu lamirinsu yana shaida, kuma a sura 10 shi ne ya tambaya yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba. Ya kawo Luka 12, bawan da ya san nufin maigidansa ya ƙi yi zai sha duka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan zai sha, ya ce ashe ke nan sani da rashin sani ba ɗaya ba ne a wurin hukunci. Sannan ya ce su a cocinsu an rubuta wannan a fili tun 1964 a babban taron Batikan na biyu, a takardar Lumen Gentium sashe na 16, cewa wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba amma yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa zai iya samun ceto, har Musulmi an ambata a wurin da suna. Ya ce ceton dai ta hannun Almasihu yake, bai canja wannan ba, amma mutum zai iya shan ruwan rijiya bai san wanda ya haƙa ta ba.

Ɗan Jos ya ce to in haka ne me ya kai Bitrus gidan Karniliyus a Ayyukan Manzanni 10, mutum mai tsoron Allah mai sadaka, in kirkinsa ya isa ai da an bar shi. Ustaz ya ce ai kafin Bitrus ya taka ƙofar an riga an ce addu'arsa da sadakarsa sun kai gaban Allah. Aya ɗaya kowa na jan ta gefensa kamar tsokar da ba ta dahu ba.

Ni ina zaune ana shari'ata a gabana, abin ya ɗan sosa min rai da farko ba zan ɓoye ba, sai na tuna ni ma in aka tambaye ni makomarsa ai abin da zan faɗa ba zai yi masa daɗi ba. Na dai ce musu mu ma muna da irin wannan, malamanmu sun daɗe suna magana a kan ahlul fatra, waɗanda saƙo bai iske su ba, kuma a suratul Isra'i aya ta 15 Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Ita kalmar kafirci ma asalinta a Larabci rufewa ne, ai sai ka ga abu sannan za ka rufe shi. A nan ni na fi karkata ga Ustaz, mutumin da ya duba ya duba zuciyarsa ba ta kama ba, da wanda ya gane sarai ya juya baya don girman kai, ban ga yadda za a zuba su kwando ɗaya ba.

Duk wannan Baba na jinmu yana fifita wuta. Da ya kawo farantin da kansa, don yaron ya tafi neman canji bai dawo ba, sai ya ce yara ku ci tun da zafi. Ya ce shi shekara da shekaru yana wannan sana'a, akwai wanda ya wuce ta bayan rumfa ko ƙamshin bai ji ba, akwai wanda ya ɗanɗana ya san da daɗi ya ce ba ya ci don na Bahaushe ne, akwai kuma wanda aka taɓa sayar wa ruɓaɓɓen nama a tasha aka ce masa agashe ne ya kwana yana gudawa, yanzu ko sunan ba ya son ji. Ya ce ni na biyun kawai nake jin haushi. Ɗan Jos ya ce Baba ai Allah ba mai agashe ba ne, Baba ya ce haka ne ɗana, shi ya sa ban ce komai a kansa ba, ya koma wajen wutarsa.

Ba wanda ya sauka daga kan bakansa, amma ɗan Jos ne ya rantse sai ya biya, kuma ya ƙara tsinke goma ya tafi da su masauki.

Wanda zai je ya riƙe kuɗi a hannu, turawa ta waya sai an dace da netwok a lungun, farashi kuma ban rubuta ba don na makon jiya ba shi ne na wannan makon ba. Wurin wanke hannu buta ce ɗaya da guntun sabulu, hayaƙi kuma zai bi ka har gida, kar ka sa jallabiyar Juma'a. Akwai mai jabana, wato kofi, a gefen rumfar, kofinta da citta ya dace da bayan naman sosai. Yana fara kafa tsinke bayan magariba, ranar Juma'a ba ya fitowa.